Kare da Kyanwa a Gidajenmu: Amanar da Ba Ta Iya Faɗin Inda Ke Mata Ciwo

A ƙasar Hausa da wuya ka ji magidanci ya lissafa kare ko kyanwa cikin abin da yake kiwo. Idan ana zancen kiwo, magana takan tsaya ne ga saniya da rago da akuya da kaji, wato abin da za a iya kaiwa kasuwa ranar da buƙata ta taso. Kare yana ƙofar gida yana gadi, ko yana bayan makiyayi, ko yana gaban mafarauci. Kyanwa kuwa tana ɗakin ajiya tana hana ɓera sakat. Suna yi mana aiki babu lada, kuma da yake ba kuɗi ake sa ran samu daga gare su ba, ba a cika ware musu ko sisi na magani ba. Rago ya yi tari da safe, kafin la'asar an kira malamin dabbobi. Kare ya kwana uku bai ci abinci ba, sai a ce ai kare ne, zai tashi.

Na tashi a gidan da ba a taɓa rasa kyanwa ba, kuma kawuna mafarauci ne mai karnuka. Abin da na lura da shi tun daga wancan lokaci har yau shi ne, dabbobin nan biyu sun fi kowace dabba kusanci da jikinmu da na 'ya'yanmu. Kyanwa takan hau shimfiɗar yara, kare yakan lashi hannun wanda ya ba shi abinci. Saboda haka lafiyarsu da tamu a ƙulle suke, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Zan fara da abin da ya fi kashe kyanwoyi a hannun masu ƙaunarsu. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai tausayi, tana da wata farar kyanwa da ta raina tun tana 'yar jaririya. Wata rana kyanwar ta dawo da rauni a ƙafa, ta kwanta jiki ba ƙwari. Dattijuwar ta ɗauko ƙwayar farasitamol, ta raba biyu, ta narka rabi a ruwa ta ɗura mata, kamar yadda za ta yi wa jikanta. Washegari ta aiko a kira ni. Na tarar fuskar kyanwar ta kumbura, tana numfashi da ƙyar, dasashinta ya koma launin ƙasa.

Na ce, "Iya, me aka ba ta?"

Ta ce, "Ɗan nan, maganin zazzaɓi ne kawai, kuma rabi ma na ba ta."

Kafin mu kai ta asibitin dabbobi rai ya yi halinsa. Iya ta yi kwanaki tana jimami, tana cewa da ta sani da ta bar ta da ciwon ƙafarta.

Dalilin abin da ya faru a hanta yake. Hantar ɗan Adam tana da wani sinadari da ke sarrafa farasitamol, ya mai da shi abin da zai fita ta fitsari ba tare da ya yi lahani ba. Kyanwa ba ta da wannan sinadari sai ɗan kaɗan. Idan maganin ya shiga jikinta sai ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar oksijin. Shi ya sa dasashi ke canza launi, numfashi ya yi wuya, fuska da tafin ƙafa su kumbura. A ƙara da batun nauyi: babbar kyanwa ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, alhali ƙwaya mai miligiram 500 an yi ta ne domin mutum, wanda ya ninka kyanwa nauyi sau da yawa. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, rabinta ma tana iya. Akwai makarin wannan guba a wurin likitocin dabbobi, amma sai an kai dabbar cikin sa'o'in farko yake yin tasiri sosai.

Kare ya ɗan fi kyanwa jure farasitamol, har likita kan rubuta masa shi wani lokaci bayan ya auna nauyinsa. To amma magungunan ciwon jiki da na gaɓɓai irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ba a rasa su a jakar kowane gida, su ne nasa abokan gaba. Suna huda masa gyambo a ciki, suna lalata masa ƙoda. Alamar da ake gani ita ce amai, da ƙin abinci, da kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, wanda ke nuna jini na zuba a cikin ciki. Haka nan buɗe kafso a zazzaga wa dabba a abinci duk sanda ta yi zawo, ba tare da an san ciwon ba, ba ya haifar da ɗa mai ido. Ƙwayoyin cuta ne kawai ke sabawa da maganin, kuma ƙwayoyin nan ba su san bambancin kare da mai kare ba.

Abu na biyu shi ne ciwon fata da ƙwari. Duk mai kare ya san kaska, ya san ƙuma, ya san ƙazuwar da ke zubar da gashi ta bar fata a ɓaɓɓake. Ya kuma san irin shawarar da ake bayarwa a majalisa: a shafa baƙin mai, a goga kananzir, ko a ɗiga fiya-fiya a ruwa a yi wa kare wanka. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Dabba tana lasar jikinta, musamman kyanwa da ke wuni tana gyaran gashi, don haka duk abin da aka shafa mata kamar an ba ta ne ta sha. Fiya-fiya gubar ƙwari ce mai ratsa fata ta shiga jini, ta rikita jijiyoyi. Sai a ga dabba tana dalalar da miyau, tana makyarkyata, tana zawo, numfashi yana sarƙewa. Wanda ya yi mata wankan da hannu tsirara shi ma gubar ta shiga jikinsa, haka yaron da zai rungume ta bayan awa ɗaya.

Ko a cikin magungunan da aka yi domin dabbobi, na kare daban, na kyanwa daban. Akwai magungunan ƙuma da kaska na karnuka masu ɗauke da sinadarin permethrin, wanda idan ya taɓa kyanwa sai ta kama karkarwa da fizge-fizge, wani lokaci har ta mutu. Kafin a sayi kowane magani a duba hoton dabbar da ke jikin kwalin, a duba nauyin da aka rubuta, a kuma faɗa wa mai sayarwa ko akwai kyanwa a gidan.

Kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana ɗauke da cututtukan da ke farfasa jinin kare. Idan karenka ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, to lokacin kai shi asibiti ya yi. Wajen cire kaska kuma, a kama ta da matsefata daf da fata a ja a hankali, kada a murƙushe ta da farce. Irin kaskar da ta fi addabar karnukanmu tana ɓuya a tsagar bango da lungun ɗakin kare, ta yi ƙwai a can. Wanda ya yi wa kare magani ya bar makwancinsa, aikin banza ya yi.

Sai maganin ɓera. Gidan da ake zuba shi a kan gurasa ko busasshen kifi a ajiye a bayan buhu, an ɗana wa kyanwa da kare tarko, haka ma yaro mai rarrafe. Wani nau'in maganin yana kisa nan take. Wani kuwa yana hana jini daskarewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da dabba za ta fara haɓo, ko ta yi fitsarin jini, ko ta kwanta kawai jini na tsiyaya a cikinta. A tsakanin kwanakin nan mai gida yakan ɗauka an tsira. Wannan nau'in yana da magani, wato bitamin K1, wanda ake bayarwa na tsawon makonni. Don haka idan aka ga dabba ta ci guba, a ɗauki kwalin ko ledar a tafi da ita wurin likita, domin sunan gubar shi ke nuna makarinta. Ɗura manja ko madara da ƙarfi a bakin dabbar da ta galabaita kan sa abin ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu, a ƙara mata wata wahalar a kan wadda take ciki.

Kwanon abinci ma yana da nasa haɗarin. Mun saba juye wa kare ragowar abin da muka ci, kuma a mafi yawan lokuta babu laifi. Sai dai albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa idan sun yi yawa, ga shi kuwa miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke tayar da bugun zuciya, waɗanda jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙodar kare. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. Madarar shanu da muke ganin ita ce gatan kyanwa, yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su. Kyanwa kuma maciyar nama ce a halittarta. Tuwo da shinkafa kaɗai ba za su riƙe ta ba, idan ta daɗe babu nama ko kifi idonta da zuciyarta sukan taɓu.

Akwai kuma al'adar kwaso wa kare ɗanyen kayan ciki daga kwata, musamman hanta ko huhun da mahauta suka yar saboda sun ga ƙulli mai ruwa a jiki. Ƙullin nan gidan 'ya'yan wata tsutsa ne. Idan kare ya ci, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa. Mutumin da ya haɗiye su ta hannu ko abinci, irin wannan ƙulli yakan tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma, wani lokaci har sai an yi tiyata. A dafa kayan ciki kafin a ba kare, wanda ya lalace kuma a binne shi.

Wannan ya kawo mu ga tsutsar ciki. Kwikwiyo da yawa da tsutsa ake haihuwarsu, domin tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, ko ta nono. Shi ya sa ake ganin ɗan kare da tulun ciki da busasshen gashi. Ƙwayayen tsutsar suna zuba a ƙasar tsakar gida, inda yaranmu ke wasa suna kai hannu baki. Tsarin da likitocin dabbobi suka saba bayarwa shi ne a fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, sannan sau ɗaya a wata har ya kai wata 6, daga nan kuma duk bayan wata 3. A riƙa kwashe kashin dabba kullum, a rufe yashin ginin da yara ke hawa domin kyanwa na son yin bahaya a ciki, a kuma saba wa yara da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Idan aka ga makero ya ɓulla a kan yara, a duba kyanwar gidan ko tana da wurin da gashi ya zube zagaye, domin sau da yawa tare za a yi musu magani.

Mata masu juna biyu sukan tambaya ko dole ne su rabu da kyanwa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fita cikin kashin kyanwa, wadda idan ta kama mace karon farko tana da ciki tana iya cutar da ɗan tayi. Amma korar kyanwa ba ta zama dole ba. Ƙwayar ba ta iya kama mutum sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje, saboda haka kwashe kashin kowace rana yana rage haɗarin ƙwarai. Wani ya ɗauke wa mai ciki wannan aiki, ita kuma ta kula da wanke ganye da kayan lambu, ta guji naman da bai dahu sosai ba, domin ta nan ma cutar ke shiga.

Duk abubuwan da na ambata suna da sauƙi idan aka kwatanta su da ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa, ko da yake kyanwa ma tana ɗauka tana bazawa. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Idan ta shiga ta cizo ko yakushi, sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, an manta da zancen, sannan alamu su bayyana: zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa. Da zarar sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana, ana iya tare cutar gaba ɗaya.

Abin yi idan kare ko kyanwa ta ciji mutum shi ne a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a tura barkono ko toka ko ƙonannen gashin karen a cikin raunin, kada kuma a ɗaure shi tamau. Daga nan a wuce asibiti a ranar. Allurar rigakafin kashi-kashi ake yin ta, ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da abin da ma'aikatan lafiya suka tsara bayan nan, kuma wajibi ne a kammala. Idan raunin mai zurfi ne akwai wata allurar da ake yi a kewayensa, sannan a duba batun rigakafin tetanus. Masu tsoron tsohon labarin allurai a cibiya su kwantar da hankalinsu, ta yanzu a dantse ake yin ta, kuma mai ciki da jariri duk ana yi musu. Cizon kyanwa kada a raina shi don ƙanƙantar bakinsa: haƙoranta sirara ne masu nitsewa, raunin yakan rufe a sama ya ruɓe a ciki.

Karen da ya yi cizo, idan an san shi, a tsare shi a sa masa ido kwana 10. In ya wuce su lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara allura. Ya kamata kuma a sani cewa ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na zuba, kamar wanda ƙashi ya maƙale wa. Mai shi ya tausaya ya zura hannu bakinsa don ya ciro ƙashin, ya kwaso ajalinsa.

A gidana akwai doka ɗaya da na sha nanata wa yara: duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba, ko da shi ya tsokane ta. Yaro yakan ɓoye ɗan ƙaramin cizo don tsoron bulala, kuma wannan ɓoyon shi ke cinye kwanakin da za a iya ceton ransa a cikinsu.

Tun shekarar 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar rigakafi ya rayu, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka ware a duniya domin faɗakarwa kan wannan cuta. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu samar da rigakafin karnuka. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Ana yi wa kare da kyanwa allurar farko suna da wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati, kuma a adana katin kamar na rigakafin yara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ke nan allurar karenka kariya ce ga ɗan maƙwabcinka. A wannan zuwa ɗaya za a iya tsara wa kwikwiyo rigakafin cutar amai da zawon jini da ke kashe su rututu, wanda ake farawa suna da mako 6 zuwa 8.

Na san za a ce mutane ma ba su samu magani ba, balle kare. Maganar tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Sai dai kuɗin yi wa kare rigakafi na shekara bai kama ƙafar kuɗin alluran mutum ɗaya da ya ciza ba, kuma yawancin abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo: a ɗage magunguna inda dabba da yaro ba sa kaiwa, a daina shafa guba, a kwashe kashi, a wanke hannu, a tambayi masani kafin a ɗura komai. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amanar rai, rai kuma wanda ba shi da bakin da zai ce ga inda ke yi masa ciwo. In ba za a iya riƙe amanar ba, gara tun farko kada a karɓa.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da abin da muke kiwo, Ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi.